Yadda firintoci suka riƙe mana ofis a Gombe: rubutun aikin gyara rana-rana

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Na yanke shawarar in riƙa rubuta abin da nake yi a wannan aikin duk ranar da na taɓa wani abu, saboda in ban rubuta ba gobe zan manta me na canja, kuma ko ba komai wani mai irin matsalar zai iya ƙaruwa. Ofishin namu ba babba ba ne, kwamfutoci 23 ne, firinta huɗu, sai saba guda ɗaya tal wadda ita ke riƙe da foldar da kowa ke ajiye aiki, ita ke ɗauke da manhajar ƴan akawu, kuma ita ce dai duk wani firintin ke bi ta kanta kafin ya isa firinta. Tun kafin hutun ƙarshen shekara ake ta ƙorafi, wannan ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, wancan ya ce folda ba ta buɗewa, wasu sun ce bairos ne wasu sun ce netwok ne. Yau da safe oga ya kira ni ya ce in kawo masa lissafin sabuwar saba. Na ce ranka ya daɗe a ba ni sati biyu tukuna in duba, don ni ban yarda tsufan sabar ne kaɗai ba.

Da na zauna gaban sabar na buɗe wajen da ke nuna abin da ke cin ƙarfinta, sai ga spoolsv.exe a can sama yana cin sama da rabin furosesa, kuma a lokacin ba wanda ke buga komai. Wannan shi ne sufula, shi Windows ke miƙa wa duk takardar da aka tura, ya ajiye ta a faifai, ya jera ta a layi, sannan ya riƙa ba firinta ɗaya bayan ɗaya. Inda yake ajiyewa shi ne C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, kowane aiki fayil biyu yake bari, mai SPL shi ne takardar kanta, mai SHD kuma bayanin wa ya turo da wace firinta za ta. In an gama bugawa duka biyun gogewa suke yi. Toh ni da na leƙa wallahi sai da na dafe kai, fayiloli sun fi ɗari huɗu, akwai na tun watan Nuwamba, kuma faifan C saura ƙiris ya cika. Na tsayar da sufula da net stop spooler, na kwashe su gaba ɗaya na kai wata folda don ko wani zai nemi wani abu, na sake tada shi. Nan take sabar ta numfasa. Amma na san shara kawai na yi, ban gano mai zubar da ita ba.

Talata, 14 ga Janairu

Kafin azahar layi ya sake taruwa, aiki 31 a firintar ƙasa. Yau ban taɓa saba ba sosai, kujera na ja na zauna kusa da firintar ina kallon yadda mutane ke yi. Mutum zai danna firin, ya taso ya zo ya tsaya, ba abin da ya fito, ya koma ya sake dannawa, ya sake, wani sai ya yi sau biyar, daga ƙarshe ya sa a filas ya ba Baba masinja ya hau mashin ya je shagon bizines santa ya bugo da kuɗin ofis. Ni ban ga laifinsu ba sam, takarda ake jira a sa hannu, me za su yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta aka tada inji, kuma a nan na kama ɓarawon farko. Firintar ta mutu ta tashi, na buga takardar bayanin netwok ɗinta, sai na ga adireshin IP ɗinta ya ƙare da 114, alhali saba tana nemanta a 107. Ashe ba a taɓa kafe mata adireshi ba, rawuta ce ke rabawa ta DHCP, kuma ita kanta rawutar mutuwa take in wuta ta tafi, in ta tashi duk wanda ya riga zuwa shi ke samun lamba, wataran wayar wani ce ma ke ɗauke 107 ɗin. Saba kuma ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba firinta a ciki, aiki na taruwa a bayanta. A garin da za a iya ɗauke wuta sau uku a yini ɗaya wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Na shiga rawuta na ɗaure kowace firinta da adireshi ɗaya ta lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani, na rubuta a takarda na manne a gefen kowacce da salatif. Biyu daga cikinsu kuma na tarar ta WSD aka haɗa su, wato hanyar da Windows ke gano firinta da kansa, na cire na mai da su kan TCP/IP tsantsa, ƙofa ta 9100. WSD tana da daɗi ranar da ake haɗawa amma ni a ofis ba na sonta, ɓacewa take ba sallama.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau ce ranar da na fi jin daɗin aikin nan, bari in ba da labarin a tsanake.

Hajiya ta ɓangaren akawu ta fi kowa shan wahala, kuma ita ba mai yawan magana ba ce, sai dai ka ga ta zauna ta zuba tagumi tana kallon sikirin. Na je na gaishe ta na ce Hajiya nuna min daidai yadda yake yi miki. Ta ce Injiniya zauna ka gani da idonka. Ta danna fayil ɗin albashi na Excel, muka zauna, ɗan da'irar nan tana ta juyawa, saman tagar ya yi fari, ta ɗauko carbinta tana ja, ni kuma ina kallon agogon waya. Daƙiƙa 50 kafin ya buɗe. Ta ce haka nake yi tun bara ɗan nan, in zan gyara faɗin layi ɗaya ma sai ya tsaya, har na saba ina yin istigfari a tsakani. Fayil ɗin ko megabait ɗaya bai kai ba.

Na duba jerin firintocin kwamfutarta, guda tara, a ofishin da ke da huɗu. Wadda aka sa mata a matsayin ta dindindin kuwa wata tsohuwa ce da ta lalace aka kai sito tun shekara biyu da suka wuce, tana can ƙarƙashin katan-katan ƙura ta rufe ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Excel da Word suna tambayar firintar dindindin girman takarda da iyakar gefe don su san yadda za su tsara shafi, tun kafin ka ce za ka buga komai. To in firintar ba ta nan sai su tsaya suna jiran amsa har lokacin jiran ya ƙare, kai kuma kana ganin kwamfuta ce ta tsufa. Na goge matattun guda biyar, na sa mata ta ƙasa a matsayin dindindin, na kashe zaɓin nan na Windows 10 da ke barin shi ya riƙa canja firintar dindindin da kansa zuwa wadda aka yi amfani da ita ƙarshe. Na ce Hajiya sake buɗewa. Kafin ta ɗauke hannu daga maus ya buɗe. Ta dube ni ta dubi sikirin ta ce a'a, rufe mu sake gani. Muka sake. Ta yi ta sa min albarka har sai da na ji kunya, ni kuma abin da ke raina shi ne shekara guda baiwar Allah nan tana asarar lokacinta a kan abin da bai kai minti uku ba, kuma laifinmu ne mu masu kula da na'urorin da ba mu zagaya mun tambaya ba.

Bayan la'asar na bi sauran kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, 14 na samu da irin wannan fatalwar firintar.

Juma'a, 17 ga Janairu

Yini gajere, an tashi da wuri saboda masallaci. Abu ɗaya na yi. Firintar sama tana nuna wai ba ta kan layi alhali tana kunne kuma in na yi mata ping, wato na aika mata ɗan saƙon gwaji ta netwok, tana amsawa. A saitin ƙofarta akwai ɗan akwatin SNMP, ta nan saba ke tambayarta lafiyarta, in ba ta amsa ba sai ta ɗauka ta mutu ta riƙe aiki. Wani ya kashe SNMP a jikin firintar ya bar shi a kunne a saba. Na cire alamar, aiki bakwai suka fito a jere. Na fi so daga baya in kunna shi ta ɓangarorin biyu yadda ya kamata don mu riƙa ganin saura nawa tona, wato garin tawadar firinta, ta ƙare, amma yanzu dai a samu a yi aiki.

Litinin, 20 ga Janairu

An samu sauƙi amma ba a gama ba. Da safe sufula ya faɗi gaba ɗaya, firintoci huɗun suka ɓace a lokaci guda, kuma minti kaɗan kafin nan ƴan akawu sun ce manhajarsu ta daskare. Na bi sawu na gano wata takarda ce, PDF mai shafi 60 da aka yi sikanin, a faifai megabait 8 ce amma da ta shiga layi ta kumbura ta haura megabait 500, saboda kowane shafi hoto ne kuma direba sai ya fassara shi zuwa yaren firinta. Duk wannan fassarar a kan saba ake yinta, sabar da a daidai lokacin mutum ashirin ke jan fayil daga cikinta.

Sai maganar direbobi, wadda ita ce ta cinye min yinin. Na buɗe wajen kula da firintoci na saba na ƙirga direba 17. Duk wanda ya taɓa zuwa gyara ya sa nasa ya tafi, akwai na firintocin da ko ganinsu ban taɓa yi ba. Irin tsofaffin direbobin nan da ake kira nau'i na 3 a cikin sufula kansa suke zama, shi ya sa in ɗaya ya yi tuntuɓe sai ya ja kowa su faɗi tare. Tun zamanin Windows 7 da Server 2008 R2 akwai hanyar ware kowane direba a ɗakinsa, za ka ga PrintIsolationHost.exe ya bayyana, in ya faɗi shi kaɗai ya faɗi. Ba a kunna ba a nan. Na kunna wa duka, na cire 13, na bar huɗu, na sauko da sabbi daga shafin kamfanonin da suka ƙera firintocin. Cire wasu sai da na tsayar da sufula na tada shi sau da yawa don yana cewa ana amfani da su.

Na gwada PDF ɗin nan da direban PCL6 na kuma gwada da PostScript a firintar da ke jin duka yarukan firinta biyun, a wannan takardar dai PCL6 ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai na bar shi. Ba na cewa haka yake a ko'ina, kowa ya gwada da irin takardun da ofishinsa ke bugawa.

Na kuma mai da foldar layin daga C zuwa faifai na biyu, don ko ta sake cika kar ta shaƙe Windows. Sannan na kunna zaɓin da ke sa kowace kwamfuta ta yi fassarar takardarta da kanta kafin ta turo, wanda ban san dalilin da ya sa aka kashe shi ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Abin da na yi shekaranjiya ya sauke wa saba kaya amma ya ɗora wa wasu. Akwai laftof uku masu RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa, yanzu in sun tura babban PDF su ne ke sandarewa na ɗan lokaci. Na faɗa wa masu su gaskiya, na ce ku yi haƙuri wannan daga gyarana ne, kuma na sa su a lissafin waɗanda za a saya wa SSD, wato faifai mai sauri mara juyawa, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar saba ba.

Sai kuma tsohuwar kwamfutar rajista mai Windows 7, wadda bayan na sake haɗa firintoci ta ƙi karɓa, tana ba da 0x0000011b. Duk wanda ya yi aikin nan a 2021 ya san lambar nan. A shekarar ne aka bankaɗo ɓarakar tsaron da aka sa wa suna PrintNightmare, wadda ta sufula mutum zai iya ƙwace iko da kwamfuta, Microsoft ya yi ta fitar da gyara yana ƙara ɗaure hanyar firintin, daga watan Agusta sai mai ikon admin ne kaɗai ke iya sa direba, a Satumba kuma aka tilasta tsaro a maganar da ke tsakanin kwamfuta da sabar firintin, daga nan wannan lambar ta cika gari. Maganin da ake ta yaɗawa shi ne ka shiga rajistirin saba, inda Windows ke ajiye saitunansa, ka sa RpcAuthnLevelPrivacyEnabled ya zama 0. Yana aiki, na sani. Wani abokin sana'a da na kira a Bauchi ma shi ya ce min in yi kawai in huta. Amma ni raina bai kwanta ba, a ce saboda kwamfuta ɗaya da Microsoft ya daina ba ta gyara tun Janairun 2020 in sassauta tsaron sabar da albashin mutane da takardunsu ke ciki. Sai na haɗa ta kai tsaye da adireshin firintar ba tare da ta bi ta saba ba. Ta buga lafiya. Illar kawai ba zan ga aikinta a lissafin saba ba, na yarda da wannan.

Litinin, 27 ga Janairu

Kwana biyun nan hazo ya sauko sosai, da safe in ka taho ta Tumfure ko fitilar motar gabanka da ƙyar kake gani, kuma firintoci ma sun ji a jikinsu. Ta ƙasa tana ta cin takarda, in ta maƙale layi ya tsaya, mutane su koma danna firin sau biyar. Na buɗe ta, robar da ke jan takarda ta yi sumul ƙura ta lulluɓe ta ja-ja, na goge da tsumma mai ɗan danshi na bar ta ta bushe. Ga kuma bushewar iska tana sa takardu su manne da juna ta ja biyu-biyu. Na nuna wa Baba yadda zai riƙa karkaɗa rim kafin ya zuba, ya ce ai tun zamanin tafireta haka suke yi, yaran yanzu ne ba sa yi. Ya ɗauki aikin rufe firintocin da ƙyalle in an tashi, bayan an kashe su sun huce.

Babban abin yau dai kebul ne. Firintar sama ko bayan duk gyaran nan tana jan ƙafa, shafi goma sai ta yi ta tsayawa tana ci gaba. Na duba suwic, akwatin da kebul ɗin netwok ke haɗuwa a jikinsa, na ga fitilar ƙofarta launinta daban da sauran, takardar bayaninta kuma ta nuna a megabit 10 take magana maimakon 100. Na bi kebul ɗin da hannu, ashe ta taga aka fitar da shi ya bi bangon waje ya hau sama, rana ta gasa shi ya farfashe, a wani wajen har ana ganin wayoyin ciki. Na je kasuwa na sayo kebul ɗin Cat6 mita 30 da kawunan RJ45, muka ja sabo ta cikin silin ni da wani yaro ɗan bautar ƙasa da ke taya ni, muka fito fari fat da ƙura. Yanzu tana kan 100.

Wani abu kuma da na gani a saman, an jona firintar a soket ɗin inbata. Firintar leza in za ta ɗumama abin da ke narka tona a jikin takarda wuta take ja mai yawa a lokaci guda, shi ya sa inbatar ke kuka wani sa'in har ta yanke, kuma suwic ɗin sama a kanta yake, ka ga duk wanda ke sama netwok ɗinsa ya tafi ke nan saboda mutum ɗaya ya buga wasiƙa. Na mai da ita layin wuta da inji, na bar suwic kaɗai a inbata.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sati guda ke nan sufula bai faɗi ba, foldar layi in na leƙa da yamma wayam nake samunta. Na kunna rajistar PrintService tun ranar 20, duk takardar da ta fita tana barin lamba 307 da sunan mai ita da yawan shafi da girmanta, da ita na gane mutum biyu ne ke turo manyan sikanin nan, na je na same su muka rage ƙarfin sikana daga 600 zuwa 200 na takardun rubutu zalla, kuma ana karanta su tsaf.

Na shiga wajen oga da rahoto. Na ce ranka ya daɗe nauyin da ake kuka da shi ba na tsufan saba ba ne, amma kar in ɓoye maka, Server 2012 R2 ce a kanta kuma tallafinta ya ƙare tun Oktoban 2023, Windows 10 da ke kan yawancin kwamfutocinmu shi ma 14 ga Oktoban 2025 zai ƙare, saboda haka maganar canji tana nan, sai dai a yi ta da shiri a cikin kasafi ba a firgice ba. Ya ce in rubuto a takarda. Ya amince da SSD uku.

Abin da ya rage a gabana: firintar ɗakin taro in ta yi barci takan ɗauki kusan minti biyu kafin ta karɓi aikin farko, na ƙara mata lokacin barcin amma ina zargin sai an sabunta manhajar cikinta, kuma ba zan yi wannan ba sai ranar da inji ke kunne na tabbata wuta ba za ta yanke a tsakiya ba. SNMP na firintar sama har yanzu ban koma kansa ba. Sannan ina so in raba firintin da sabar fayil gaba ɗaya, akwai wata kwamfuta a sito da nake ganin za ta iya ɗaukar aikin in an ƙara mata RAM, sai dai Windows na kwamfutar tebur mutum 20 kaɗai yake bari su haɗu da shi a lokaci guda, mu kuma 23 ne, don haka ina duba ko in sa mata Linux da CUPS, manhajar da ke aikin sufula a Linux. Zan fara gwadawa da firinta ɗaya da mutum uku ranar Alhamis in Allah ya kai mu, ina so a gama kafin azumi ya kama. Hajiya ta ce a sa ta cikin ukun.